Wata Tara ko Shekara Biyu

Tun kafin masu shara su gama da zauren taro ta riga ta shiga, riƙe da igiyar awo da kwalin katunan sunaye. Teburin zauren dogo ne, mai ɗaukar mutum ashirin da huɗu, kuma ta san shi kamar tafin hannunta: ƙafarsa ta hagu da ke rawa sai an cusa mata takarda, da tabon shayin da wani jakada ya bari shekara shida da suka wuce, wanda kullum take rufewa da tulun furanni. Ta auna tazarar da ke tsakanin kujerar shugaban tawagar gida da ta shugaban baƙi, ta ja ɗaya baya da faɗin yatsu uku. Ta dubi tutocin biyu, ta ga ɗaya ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo, ta sassauta ƙarfen ta daidaita su. A wannan aiki, faɗin yatsu uku kan sa babban mutum ya tashi ya fita yana huci.

Shekararta goma sha bakwai a sashen karɓar baƙi na ma'aikatar harkokin waje. Daga mai gadi har babban sakatare, Uwar Kujeru suke ce mata. Da farko sunan yana yi mata ciwo, daga baya ta saba, har in aka kira sunanta na yanka sai ta waiga ta ga ko da wata ake.

Ƙarfe goma tawagogin suka iso. Ta nuna wa kowa mazauninsa, ta tabbatar ruwa yana gaban kowa, sannan ta fito ta jawo ƙofar a hankali har ta ji ta kama. Nan aikinta ya ƙare. Ta zauna a bencin baranda tana jin muryoyi ta cikin katako kamar kukan ƙudan zuma. Ta iya gane in ana dariyar gaskiya da in ana dariyar dole, ta iya gane in taro zai yi tsawo. Abin da ake faɗa ne dai ba ta taɓa ji ba.

Da yammacin ranar Darakta ya aika a kira ta.

"Zauna, Malama," ya ce, yana cire tabarau. Mutum ne mai tauna magana kafin ya fitar da ita. "Kin san maganar kogin nan da muke ta ja da maƙwabtanmu. An amince a kafa tawaga ta dindindin, kuma za a buɗe gurbin sakatare a cikinta. Ba mai rubuta sunayen mahalarta ba. Mai zama a teburi, mai shirya daftari. Nan da wata goma sha ɗaya hukumar ɗaukar ma'aikata za ta rufe karɓar takardu."

"Allah ya sa a dace da mutumin kirki, ranka ya daɗe."

"Ke nake so."

Ta ɗago kai ta dube shi, ta ga babu alamar wasa a fuskarsa.

"Amma ƙa'ida ta ce sai mai digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa. Ba ni na rubuta ta ba, ba ni da ikon goge ta. Yanzu ana yin karatun nan ta intanet, mutum yana zaune a ɗakinsa. Ki je ki nemo min takarda, ni kuma na san yadda zan yi da sauran."

Ta yi godiya ta fito. Shekararta arba'in da uku. Rabonta da aji tun da ta gama digirin farko a fannin tarihi, kafin ta haifi 'yarta ta fari, wadda yanzu ta fi ta tsawo.

Ofishinsu ɗaya da wani matashi da ake kira Sha-Yanzu, saboda komai nasa na gaggawa ne: cin abinci, tuƙi, har gaisuwa. Shekararsa huɗu da fara aiki, amma ya riga ya kamo ta a mataki, albarkacin digiri na biyun da ya yi ta intanet. Ba shi da mugun nufi, kuma yana ganin girmanta, don ita ta koya masa yadda ake rubuta wasiƙar gayyata ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Da ya ji labari sai ya tafa hannu. "Anti, ai faɗuwa ta zo daidai da zama! Makarantar da na yi, wata tara ne cif. Ki yi rajista yau, kafin a rufe gurbin takardarki tana hannu har ta fara ƙura."

"Wata tara? Haihuwa ce?"

"Haihuwar ce, sai dai babu naƙuda." Ya juyo mata da kwamfutarsa. "Darussan duk a naɗe suke, ki kalla lokacin da kika ga dama. In ba ki ga dama ba, ki bar su suna ta zuba ki shiga kicin. Jarrabawa kuwa amsa huɗu za a jera miki, ki zaɓi ɗaya. In kin faɗi, ki sake dannawa."

"To, kai me ka koya?"

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Na koyi cewa takarda ake tambaya. Tun da na zo gidan nan, wa ya taɓa tsare ni ya ce in faɗi abin da ke cikinta?" Ya mayar da kwamfutar gabansa. "Ba zan ɓoye miki ba, Anti, ni ma ina da niyyar neman gurbin nan. Amma in kina ciki na san Darakta ko kallona ba zai yi ba. Kuma daidai ne, ke kika fi cancanta."

Mako guda ta yi tana bincike a lokacin hutun cin abinci. Makarantun sun fi a ƙirga, kowacce da hoton mutane masu fararen haƙora sanye da rigar yaye ɗalibai, kowacce tana rantsuwa ita ce ƙofar shiga manyan ofisoshin gwamnati. Ta juya bayan wata tsohuwar taswirar wurin zama ta ja layuka: tsawon karatu, su waye malaman, ana ganinsu ido da ido ko kuwa murya ce kawai, me ake koyarwa. Ta yi ta sokewa har suka rage biyu. Ɗaya ita ce ta Sha-Yanzu. Ɗayar kuwa ta wata tsohuwar jami'a ce a wata ƙasa, shekara biyu ba ragi, aji kai tsaye ranar Asabar da safe da Laraba da yamma, ga karatu tuli, ga kundin bincike a ƙarshe. Cikin darussanta akwai ɗaya kan dokokin ruwan da ƙasashe ke tarayya a kai, da wani kan yadda ake rubuta yarjejeniya. Kuɗin biyun kusan ɗaya ne, don haka ba a nan gizo ke saƙa ba.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ta nemi izini ta tafi ofishin da ke tantance takardun karatu, hawa na uku a wani gini da na'urar hawansa ta daɗe da mutuwa. Tana hawa matakala tana addu'a a ranta a ce mata gwamnati ba ta san da makarantar wata tara ba, magana ta ƙare, a ɗauke mata nauyin zaɓi.

Matar da ke ofishin tana da tabarau mai igiya da fuskar wadda ta ga jiya ta ga yau. Ta bi dogon jerin sunaye da yatsa, ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa.

"Duka biyun suna ciki," ta ce.

"Har ta wata taran?"

"Har ita. Ni aikina in duba hatimi, 'yar'uwa, ba in duba abin da ke cikin kai ba."

"Da ke ce, wacce za ki zaɓa?"

Matar ta saki tabarau ya faɗo kan ƙirjinta. "Ni da saura min shekara biyu in yi ritaya? In aka ba ni zaɓi, barci zan zaɓa." Ta yi murmushi, sannan ta rage murya. "Masu wata tara sun fi yawa a teburin nan. Ban taɓa ganin an dawo da takardar ko ɗaya ba. Iyakar abin da zan iya gaya miki ke nan."

Makarantun biyu kowacce tana ba da darasin gwaji kyauta. Na ta wata tara ta kalle shi a ofis. Wani mutum ne cikin kwat yana karanta abin da ke rubuce a allo, muryarsa kamar ta mai sanarwa a tashar jirgi. Da ya gama aka jero tambayoyi biyar. Ta ci huɗu ba tare da ta saurari rabin darasin ba, ta biyar kuma ta ci a dannawa ta biyu. Taurari suka watsu a fuskar kwamfutar ana taya ta murna.

Na ɗayar sai da ta jira Asabar. An aiko mata da shafi shida tun ranar Alhamis, ta karanta su sau biyu. Da yake teburin falo na 'ya'yanta ne da littattafansu, sai ta ɗora kwamfutar a kan teburin guga a ƙaramin ɗaki, ta ture kwandon wanki gefe don kada ya fito a hoto. Fuskoki goma sha huɗu, har da tata, suka bayyana cikin ƙananan akwatuna, daga ƙasashe daban-daban, wani a mota, wata da jariri a kafaɗa. Malamar dattijuwa ce mai furfura, wadda aka ce ta yi shekaru tana zama a teburin sulhu kafin ta koma koyarwa.

Labarin da ke cikin shafukan ƙirƙirarre ne. Ƙasar tudu ba ta da teku, ƙasar gaɓa tana da tashar jiragen ruwa, suna tattauna harajin da za a riƙa biya in kaya sun ratsa. A zama na uku tattaunawar ta watse.

"Me ya watsa ta?" Malamar ta tambaya.

Wani ya ce rashin yarda. Wani ya kawo sunayen masana. Uwar Kujeru ta danna alamar ɗaga hannu kafin tsoro ya hana ta.

"A zama na uku ƙasar gaɓa mataimakin sakatare ta aiko, alhali ƙasar tudu minista ta aiko. Babu ministan da zai zauna gaba da gaba da mataimakin sakatare ya sa hannu a takarda. An wulaƙanta shi tun kafin ya buɗe baki."

Malamar ta matso kusa da kyamara. "Aji uku na ba wannan labarin, ba wanda ya lura da haka. Mene ne aikinki?"

"Ina shirya wurin zama."

"Alama ta nuna."

Daɗin bai gama ratsa ta ba sai wata mata daga akwatin ƙasa ta yi magana, jami'ar kwastan ce a ƙasarsu. "Gaskiya ne an wulaƙanta shi. Amma me ya sa? Da gangan ne. Ku dubi sashe na bakwai na tsohuwar yarjejeniya. In shekara ta ƙare ba a cimma sabuwa ba, tsohon haraji ne zai ci gaba, shi kuwa ƙasar gaɓa yake yi wa daɗi. Ba sa son a sa hannu ko kaɗan. So suke ministan ya yi fushi ya tafi, laifin ya zama nasa."

Uwar Kujeru ta duba takardarta. Sashe na bakwai yana nan, har ta ja masa layi saboda akwai kwanan wata a ciki, amma ba ta ga abin da ke kwance a ƙarƙashinsa ba.

"To, mai shirya wurin zama," Malamar ta ce, "a ce ke ce sakatariyar ministan nan. Kin ga ya fara tattara takardunsa zai tashi. Me za ki rubuta a 'yar takarda ki miƙa masa?"

Fuskoki goma sha uku suna jira. Ta ji ƙarar famfon kicin, ta ji 'ya'yanta suna gardama a falo.

"Ban sani ba," ta ce.

"To, madalla. Da wannan kowa yake farawa." Malamar ta wuce kan wani ɗalibi.

Bayan an tashi ta daɗe zaune gaban kwamfutar da ta rufe. Abin da ya faɗo mata a rai wata tawaga ce, shekara tara da suka wuce, da shugabanta ya fice daga zaure yana cewa an ajiye shi kusa da ƙofa kamar ɗan aike. Ranar ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta rubuta takardar ban haƙuri, ta yi wata guda ba ta iya haɗa ido da Darakta. Sai yau ta tambayi kanta: shin kujerar ce ta kore shi, ko kuwa dama da niyyar fita ya shigo, kujerar ta zama sandar da ya tsinta a hanya? Sau nawa aka yi wasa da hannunta ba ta sani ba?

Mijinta, malamin lissafi a makarantar sakandare, ya leƙo ya same ta a haka.

"Ni lissafi na sani," ya ce, da ta gama ba shi labari. "Tara tana shiga cikin goma sha ɗaya, ashirin da huɗu ba ta shiga. Amma fuskar nan taki ba ta mai neman lissafi ba ce. Ki je ki ji ta bakin Baba, don na san in bai sa baki ba ba za ki yi barci ba."

Baba, mahaifinta, yana zaune a gidan ƙanenta, tafiyar minti goma. Shekara talatin ya yi yana tuƙa jakadu da manyan baƙi a wannan ma'aikata, kuma shi ya kai takardar neman aikinta da hannunsa. Yanzu ya haura tamanin, zuciya ta fara gajiya. Ta same shi a baranda ranar Lahadi, rediyo a gefe, yana goge tabarau da bakin riga. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Uwata.

Ta zayyana masa komai. Ta ɗauka zai ce ta bi mai tsawo, don shi mutum ne da ko taya zai canza sai ya duba kowace ƙusa sau biyu.

"Ki yi ta wata taran," ya ce.

"Baba?"

"Uwata, shekara talatin ina kallon manya ta madubi. Na ɗauki mai ilimi kamar teku. Na ɗauki wanda ko sunan garin da za shi sai na tuna masa. Dukansu a baya suke zama, dukansu ni nake buɗe wa ƙofa. Ki karɓi takardar ki shiga. In kin zauna kya koya."

"In na zauna ban sani ba fa? Ruwan da mutane ke noma da shi ne za a raba, Baba."

"Su waɗanda ke zaune yanzu sun sani ne?" Ya mayar da tabarau fuskarsa. "Likita ya ce zuciyar nan tsohuwar mota ce, a bi ta a hankali. Wata goma sha ɗaya ina jin za ta kai. Shekara biyu kuwa, sai abin da Allah ya yi. Kuma bayan shekara biyun, wa ya ce miki za a sake buɗe gurbi? Ni ba ni da wani buri da ya rage, Uwata. In ga ke ma an buɗe miki ƙofa, ko sau ɗaya ne."

Ta tashi ta zuba masa shayi, ta zauna tana kallon yadda jijiyoyi suka fito a bayan hannunsa.

Ranar Litinin ta buɗe shafin makarantar wata tara ta fara cike fom. Suna, shekarun haihuwa, wurin aiki. Ta yi tunanin haɗa biyun, ta karɓi takardar nan yanzu, ta yi karatun gaske daga baya, amma ta san kanta kuma ta san aikin. Wanda ya shiga tawagar nan ba shi da sauran Asabar, kuma tun ranar farko za a miƙo masa daftari. Ta kai shafin ƙarshe, saura dannawa ɗaya, sai masinja ya shigo da fayil daga Darakta: tsohuwar yarjejeniyar kogin ce, a yi kwafi goma sha biyu kafin azahar.

Injin kwafi yana son ya yi zafi kafin ya fara aiki. Tana tsaye tana jiransa ta soma karantawa. Shafi goma sha ɗaya ne. Kowace kalma ta san ta, amma da suka haɗu sai suka zama kamar gidan da aka zagaye da katanga babu ƙofa. A shafi na huɗu an ce a lokacin ƙarancin ruwa ƙasashen biyu za su yi amfani da shi "gwargwadon buƙatar da aka saba." Buƙatar wa? Wadda aka saba tun yaushe, kafin a gina madatsar ruwa ko bayanta? Wa ya nemi a sa wannan jimla, kuma wa ya yi murna da aka sa ta?

Ta dawo ofis ta ajiye shafin gaban Sha-Yanzu. "Karanta min wannan. Mu yake taimaka wa ko su?"

Ya karanta da sauri, ya sake karantawa ba da sauri ba. "Anti, a bar kaza cikin gashinta," ya ce yana dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Ya miƙo mata takardar ba tare da ya dube ta ba. "Wallahi ban sani ba."

Ta zauna, ta dubi fom ɗin da ke jiran dannawa ɗaya. Fuskar Baba ta tsaya mata a ido, da jijiyoyin nan na bayan hannunsa. Sai da ta yi kusan rabin sa'a a haka, sannan ta rufe shafin, ta buɗe na jami'ar shekara biyun.

Darakta bai ɓoye ɓacin ransa ba. "Na miƙo miki tsani, kin ce sai kin sassaƙa naki. Kin san sau nawa ake buɗe irin wannan gurbi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ki riƙa ƙarasa karin magana, Malama." Ya jawo takardar da ta kawo, ta neman izinin tashi da wuri ranar Laraba, ya daɗe yana kallonta. "Ni saura min shekara uku. Wanda zai gaje ni ban san ko zai san darajarki ba. Kin yi wannan lissafin?"

"Na yi."

Ya sa hannu ya miƙo mata.

Sha-Yanzu ya kai takardunsa hukuma a makon. Ya dawo yana kame-kame, ya saya mata lemo ba ta roƙa ba. "In Allah ya sa na samu, Anti, ki sani kullum ina ƙofarki da aron littafi."

"In ka aro ka karanta."

"Zan karanta. A hankali ma."

Faɗa wa Baba shi ya fi komai wuya. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo. Lahadi uku a jere tana zuwa, daga gaisuwa sai amsa gaisuwa. Bai yi faɗa ba, bai yi gori ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Wata rana a hanyar komawa gida ta tsaya a bakin titi ta rasa dalilin da ya sa ta yi abin da ta yi, ta ji kamar ta sayar da tsoho ta sayi littafi.

Asabar ɗin da aka fara karatu sosai, ta gama jera littattafai a kan teburin guga ke nan, saura minti goma a shiga aji, sai ta ji sallama a tsakar gida. Baba ne, da sandarsa, cikin rigarsa mai kyau wadda ba ya sawa sai da dalili. Shi kaɗai ya tako, yana haki.

"Baba! Me ya sa ba ka aiko an ɗauko ka ba?"

"Na zo in ga abin da ya fi gurbi," ya ce. "Ina ne ajin?"

Ta shigar da shi ƙaramin ɗakin, ya zauna a lungu inda kyamara ba ta kaiwa, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Sa'a biyu aka yi. Harshen da ake koyarwa da shi ba nasa ba ne, sai abin da ya tsinta a shekarun tuƙi, amma bai yi gyangyaɗi ba ko sau ɗaya. Malamar ta jefo wa Uwar Kujeru tambaya, ta amsa rabi daidai rabi kuskure. Ta sake jefo wata, ta kasa. A ta uku jami'ar kwastan ta ce ba haka ba ne, ita kuwa ta buɗe shafin ta karanto layin, ta tsaya a kan bakanta, ba ta janye ba.

Ta rufe kwamfutar. Baba yana kallon ƙasa.

"Matar nan mai furfura ba ta da sauƙi," ya ce.

"Ba ta da shi, Baba."

"Na ga ta ƙure ki sau biyu."

"Sau uku."

"A'a. Na ukun kin tsaya." Ya gyara riƙon sandarsa. Ya dubi littattafan da ke jibge, ya dubi kwandon wanki da aka ture gefe, sannan ya dube ta. "Shekara biyu kika ce?"

"Biyu, Baba."

Ya jinjina kai a hankali, kamar mai auna nisan hanya.

"To," ya ce. "Sai in ƙoƙarta."

Ta miƙa hannu za ta taimaka masa ya tashi, ya ce ta bari. Sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana mayar da numfashi, ya tambaye ta ajin ranar Laraba ƙarfe nawa ake shiga.